Yadda Za Ka Sauke Jirgi Daji Na Ci da Wuta, Surukarka Na Tsaye Kan Titi

Wannan darasi naka ne, kai da Allah ya ɗora wa kula da tashi da saukar jirage. In ka bi shi daki-daki, na yi maka alkawarin jirgi zai sauka da ƙafafunsa, aurenka ma ba zai girgiza ba. An gwada shi a kan Ukasha mutumin Hunkuyi, kuma yana nan da ransa.

1. Samu filin jirgi, komai ƙanƙantarsa

Na Ukasha titin jar ƙasa ne a tsakiyar wata babbar gonar rake tsakanin Kudan da Hunkuyi. Ofishinsa kwantena ce mai taga ɗaya. Kayan aikinsa oba-oba, lasifika, da wani jan ƙyalle a kan sanda da ke nuna inda iska ta dosa. Jirage biyu ne ke zuwa: na feshin magani, wanda Benson ɗan Kudan ke tuƙawa, da ƙaramin jirgin Alhaji Sada mai gonar.

Kada ƙanƙantar wurin ta hana ka cika baki. Ukasha ya sha gaya wa matarsa Wasila cewa ko tsuntsu ba ya gilmawa sai da izininsa. Mahaifiyarta, Inna Lantana, wadda 'yar gonar rakenta ke jikin titin ta gabas, ta taɓa cewa ita dai kullum a inuwa take hango shi.

2. Kada ka tsaya neman wanda ya kunna wutar

Masu farautar gafiya ne. Kullum su ne, kuma ba ɗan kowa a cikinsu.

Ranar, bayan azahar, Ukasha ya ji ƙauri. Ya leƙa ta taga ya ga daji ya kama ta gabas, busasshiyar ciyawa na ƙara kamar ana soya gyaɗa. Jan ƙyallen ya miƙe yana nuna titin. Kafin ya saka takalminsa, hayaƙi ya fara kwanciya a kan rabin filin.

Masana sun ce a irin wannan lokaci ka natsu. Ukasha ya natsu sosai, har sai da ya lura cewa oba-obar ya riƙe ta a juye.

3. San wanda zai fara sauka

Muryar Benson ce ta fara shigowa.

"Malam Ukasha, ina ganin hayaƙi a wajenka. Man da ke jirgin nan ba zai kai ni wani filin ba. Ka ba ni hanya."

Bai rufe baki ba sai ga wata murya, ta Alhaji Sada da kansa, ya karɓe maganar daga matuƙinsa. Ashe su ma suna tafe.

"Ukasha, ni ne. Ina da baƙi, mu za mu fara sauka."

Ka'ida ta ce mai ƙarancin mai shi ne gaba. Ka'ida ba ta san wanda ya ɗauke ka aiki ba. Ukasha ya ce, "Ranka ya daɗe, ku koma inda kuka fito. Titin yau na Benson ne."

"Me ka ce?"

Idan aka yi maka wannan tambayar, maimaita abin da ka faɗa, sannan ka shafa bakin oba-obar a rigarka don ta yi ƙara. Duk abin da ya biyo baya, ba ka ji ba.

4. Fita ka duba titin da idonka

Ukasha ya fita, ya tarar da titin cike da jama'a. Titin ne kawai wurin da babu ciyawa, don haka duk mai gona a kusa nan ya gudo. Mata da bokitai da ɗanyen ganye na bugun wuta, awaki, wani da injin ban-ruwa a kan kura. A tsakiyarsu Inna Lantana ta ci ɗamara da mayafinta, tana kallon wuta na lasar gefen rakenta.

Ya ɗaga lasifika ya ce, "Jama'a, don Allah a koma yamma, cikin fadamar dankali. Akwai ruwa a can, wuta ba za ta isa ba."

Kowa ya juya ya dubi Inna. Ita ba ta motsa ba, su ma ba su motsa ba.

5. Kada ka tsallake gaisuwa

Tun da ya auri Wasila, Ukasha bai taɓa haɗa ido da Inna ba. In ya hango ta a hanya, kwana yake yi. Yau babu kwana. Ya ruga, ya tuɓe takalmi a kan ƙasa mai zafi, ya durƙusa.

"Inna, barkanku da rana."

"Barka kadai. Ya mutan gidan?"

"Lafiya lau."

"Ya ƙafar Wasila, ta saki?"

"Da sauƙi, Inna."

Oba-obar ta yi magana daga hannunsa. "Malam Ukasha, na sake zagayowa. Mutane nake gani a titin. Ba ni da na wani zagayen mai yawa."

"Inna, da za ku ɗan matsa wajen fadama…"

"In matsa in bar raken ga wa?" Ba ta ko dube shi ba. "Shi mai jirgin ya ɗan jira. Sama ai faɗi gare ta."

6. Ɗaga muryarka, ka nemi gafara daga baya

Ƙarar jirgin ta matso, tana yi tana ɗaukewa. Ukasha ya san muryar Benson a raha, ya san ta a fushi. Wannan da ya ji yanzu ta mutum ce da ya fara addu'a.

Ya miƙe tsaye. Ya dubi surukarsa ido cikin ido, lasifikar na bakinsa, ya manta a kunne take.

"Inna, ku bar wurin nan yanzu. Raken ya tafi. Ɗan mutane ne a sama, in kun tsaya zai mutu, ku ma ku mutu. Na ce ku tashi."

Wata tsohuwa ta rufe baki da hannu. Inna ta dube shi, ta ɗaga kai ta dubi sama.

"Ɗan wa ne?"

"Benson, ɗan Selina ta Kudan."

"Mai ɗinki?"

"Ita."

Ta ajiye bokitinta. Ta juya ga matan ta ce, "Ku kwashi awakin nan. Adama, kama kurar can." Ba ta ɗaga murya ba, amma kafin Ukasha ya lalubo takalminsa titin ya zama fayau.

7. Faɗa wa matuƙi gaskiyar abin da kake gani

"Benson, shigo ta yamma. Hayaƙin ya fi kauri a ƙarshen gabas, ka tsaya kafin ka kai kwantena. Babu kowa a hanya."

Jirgin ya ɓullo ƙasa-ƙasa ta kan fadama, har mata suka dudduƙa. Ya taɓa ƙasa, ya yi tsalle, ya sake taɓawa, ya gangara ya tsaya hancinsa a bakin hayaƙin. Benson ya fito, ya yi taku kaɗan, ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Ukasha ya je ya zauna kusa da shi.

Wutar ta mutu a bakin titin, bayan ta cinye fiye da rabin raken Inna.

8. Je ka ba da haƙuri

Alhaji Sada ba matsala ba ne. Washegari ya gaya wa baƙinsa cewa shi ya ba da umarnin a juya.

Gidan Inna ne aikin. Ukasha ya tafi da Wasila, ya durƙusa a bakin ƙofa, Inna na daga ciki bayan labule.

"Inna, na zo ne kan maganar jiya. Na ɗaga muku murya a gaban jama'a."



"Wace murya?" in ji ta. "Ni jiya hayaƙi ya toshe min kunne, ban ji komai ba. Wasila, zuba masa fura. In ya gama, ga raken da ya tsira can, ya kai wa yaron Selina."

Wasila ta miƙo masa kwanon tana danne dariya. Ya karɓa ya sha.

Gargaɗi: mai wannan rubutu bai taɓa shiga jirgi ba, kuma ba ya da niyya. In ka bi matakan nan jirginka ya sauka a gonar wani, ko aka sallame ka, babu ruwansa. In kuma taka surukar kunnenta garau yake, kada ka ambaci sunana a gidan.