Janar Tsinke da Ragon Allura

"Duk Daura babu mai ƙarfin halitta kamata," in ji Zakiyyu, yana bugun ƙirjin da ake hango haƙarƙarinsa daga tsallaken titi.

Ka san Zakiyyu kuwa? Shi ne siririn nan da ya haddace katun ɗin Japan, finafinan zanen nan na faɗa, a waya har ya zama alƙalinsu. A wurinsa jarumai kashi biyu ne. Wanda ya tara ƙarfi da guminsa ɗan halak ne. Wanda ya sha ƙwaya ko aka yi masa allura ya kumbura kuwa ɓarawo ne, ko ya ci faɗa bai ci ba. Mu dai Janar Tsinke muke ce masa.

Ranar kasuwa Alhaji Maiturare, dillalin dabbobi, yana neman mai loda masa raguna a mota. Zakiyyu na son aikin ido rufe, don mahaifiyarsa ta rantse in bai kama sana'a ba, a rijiya za ta jefa masa wayar.

"Akwai ragon da aka yi wa kiwon allura, ya gagari yarana," in ji Alhaji. "Ka kama shi, aiki naka ne."

"Ƙarfin jabu ke nan, Alhaji. Buɗe min."

Ya faɗa garke, ya tuɓe riga, ya nufi wani rago da ke hararsa. Ya ware ƙafafu, ya dunƙule hannu, ya runtse ido, ya shiga kurma ihun tara ƙarfi. A katun, abokin gaba tsayawa yake sai ka gama. To, ragon nan bai taɓa kallon katun ba. Da ragon ya ja da baya, Zakiyyu ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Kun gani? Tsoro."

Bai rufe baki ba Janar ya tashi sama, takalmi gabas, hula yamma, ya sauka zaune cikin kwanon dusa. Ya miƙe zai sake ihu, rago ya ƙara masa ta baya. Na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Da aka janyo shi, yana nishi ya ce, "Ba a yi adalci ba, Alhaji. Allura ce ta kayar da ni, ba rago ba."

Alhaji ya share hawayen dariya. "Yaro, wannan na wata tsohuwa ne, Iya Shatu, harawa kawai yake ci, jiya ma bai da lafiya. Mai allurar ga shi can a ɗaure. In kwance maka shi?"

Zakiyyu ya dubi kaurin wuyan mai allurar, ya shafa ƙugunsa.

"A bar shi, Alhaji. Rijiyar gidanmu ma ba ta da zurfi."