Ranar da Na Toshe wa Tanki Hanci

Ba zan taɓa mantawa da satina na uku a wurin sauke kananzir a Kafanchan ba, ko da yake na sha roƙon Allah ya mantar da ni. Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama ce. Sai da kawuna ya yi ta zarya daga Zonkwa har takalminsa ya cinye kafin a ɗauke ni, shi ma gwajin wata ɗaya: in na yi abin kirki in zauna, in na yi shirme in kama hanyar gida.

Ni kuwa ina ji da kaina, don ni kaɗai na gama sakandare a wurin. Shugabanmu, Baba Yohanna, ko sunansa bai iya rubutawa ba, kuma duk abin da ka tambaye shi sai ya ce, "Yaro, kai dai duba da ido." Haba! Mai satifiket guda a ce masa duba da ido? Abin yana ci mini rai.

Ran nan wata tanka ta iso, sabuwa fil. Aka haɗa mata tiyo ta ƙasa, aka tayar da injin zuƙa, kananzir ya fara gangarawa rumbun ajiya. Baba Yohanna da direban, Malam Buba, suka tsallaka titi cin tuwo. Sai hadari ya haɗo.

Ina ɗaga kai, me zan gani? Murfin saman tankin motar a hangame! Na ce ka ji aikin jahilci, ruwan sama zai shiga kayan mutane, su suna can suna lasar miya. Na haye tsani, na rufe murfin, na murɗe shi tam. Har wani ɗan bututu da ke gefensa na cusa wa tsumma (ɗan boko ai ba ya barin aiki rabi). Na sauko ina karkaɗe hannu.

Ba a jima ba tankin ya fara nishi. Ƙas... ƙas... sai garam! Ya lotsa ciki kamar gwangwanin madarar da aka taka. Masu talla suka watse. Ni dai a cikin kwata na tsinci kaina, ina ihun "Yesu, ka cece ni!"

Baba Yohanna ya sheƙo ya kashe injin. Malam Buba ya ɗora hannu a ka, sai salati yake. Jama'a suka taru, wannan ya ce aradu ce, waccan ta ce sammu ne. Tsohon ya hau sama, ya zaro tsumman ya ɗaga, ya ce a hankali, "Wane ne ya yi wannan aiki?"

To, a nan Shaiɗan ya ƙarasa ni, don na ɗauka yabo ne ke tafe. Na fito ina ɗigar ruwan kwata, na bugi ƙirji. "Ni ne, Baba! Ba don ni ba, da bayan aradun nan har ruwa ya shiga kayan."

Baba Yohanna ya sauko, ya tsaya a gabana.

"A makaranta ba su gaya maka tanki yana numfashi ba? Kaya yana fita a ƙasa, iska yana shiga a sama. Ka toshe masa hanci, me kake so ya yi?"

Raina ya ɓaci. Sati uku ina tambayar mutumin nan, sai yau bakinsa ya buɗe! Na ce, "Ai ba ka taɓa gaya mini ba!"

"Tanki nawa aka sauke a gabanka? Wanne ka ga an rufe?"

Na laluba, babu ko ɗaya. Kuma don takaici ya cika, hadarin nan watsewa ya yi. Ko ɗigo bai sauka ba.

Da yamma aka sallame ni. Kafin in isa Zonkwa labarin ya riga ni. Kawu bai zage ni ba (da ma zagin ya yi, da na fi samun sauƙi), fartanya kawai ya miƙo mini, ya ce, "Wannan ba ta da murfi."

Tun daga ranar, in na ga tsoho ya bar abu a buɗe, ko ƙofar akurki ce, sai in gaishe shi in wuce.