Ranar da Na Sato Yaro Daga Iware

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ko da kuwa zan manta sunan kakana. Ba a daɗe da ba mu jiha ba, ina sabon malami a wata firamare a Jalingo, aka ɗora mini shugabancin 'yan sikawut. Aka ba ni usur da gajeren wando, nan take kaina ya kumbura. Dokata ɗaya ce: in na busa usur, ko tari kada na ji.

Ranar na kwashi yara ashirin da biyu a bayan a-kori-kura zuwa Iware, su koyi kafa tanti da girki a daji. Yawancinsu ba su da kayan sikawut, sai jan ƙyallen da muke ɗaurawa a wuya. Ni kuwa wata biyu ina tare da su amma ban riƙe fuskokinsu ba, kowa "kai yaro" ne a wurina. Don haka na ƙirƙiro dabara (har yabon kaina na yi): ƙyalle nake ƙirgawa.

Da la'asar na aiki wani ya wanko tukunya a rafi, na kuma manta na aike shi. Na busa usur, na ce duk mai ƙyalle ya hau mota. Wani ɗan siriri ya tsaya yana inda-inda, na cicciɓe shi na jefa ciki. Na ƙirga, ashirin da biyu cif. Yara suka fara "Sa, Sa", na sake busa usur, suka yi tsit. Na shige gaba kusa da direba ina jin kaina kamar kwamanda.

A ƙofar makaranta iyaye suka kwashi 'ya'yansu. Saura wata Bafulatana, Dada Asta, wadda da safe sai da na yi rantsuwa kafin ta bar mini ɗanta tilo, Bakari. Ta tambaye ni ina yake. Na ce ai sun cika, na nuna mata ɗan siririn nan da ke rakuɓe yana hawaye.

"Malam, wannan ba ni na haifa ba," ta ce a hankali.

Ashe sunansa Yohanna, ɗan Iware ne. Bakari ya ba shi ƙyallensa a musayar danƙon harbin tsuntsu, abin da yaran ke ta son gaya mini ke nan. Kuma Bakarin ne na aika rafi. Wato na yar da ɗan wata a daji, na kuma sato ɗan wata. Dada ba ta zage ni ba (da ma ta zaga), sai ta goge wa Yohanna fuska da bakin gyalenta, ta ɗora shi a cinya a cikin mota, muka juya Iware. Duk tsawon hanyar tana shafa kan yaron, leɓunanta na motsi da addu'a, ni kuma ban da rafin nan ba abin da nake gani a idona. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Rana na shirin faɗuwa Yohanna ya kai mu gidansu. Uwarsa, wata manomiya 'yar Mumuye, tana tsaye a ƙofa idanunta sun yi ja. Ta fizgi ɗanta ta dudduba shi, sannan ta dube ni daga gajeren wando har usur.

"Yaro naka yana ciki, na same shi a rafi, ta ci doya. Na ce ba zai tafi ba sai an kawo nawa. Shiga ka ɗauka."

Na yi wuf na riga kowa shiga, ko na ɗan wanke laifina. Yara huɗu na zagaye da kwano. Na rungumo ɗaya na ɗaga sama, na ce, "Dada, ga shi lafiya lau."

Wanda na ɗauka ƙanen Yohanna ne. Dada tuni ta durƙusa can gefe ta ƙanƙame Bakarin gaske tana kuka. Matan biyu suka kalli juna, maman Yohanna ta fara dariya har da riƙe ciki, Dada ma ta kama, hawaye na zuba. Ni kuwa na rasa inda zan ajiye ɗan mutane.

Bakari ya zame daga jikin uwarsa ya zo gabana, ya ƙame ya sara mini.

"Sa, na wanke tukunyar. Na jira inda ka ce."

A nan ne nawa hawayen suka zubo, a gaban yara.

Litinin na zaunar da su ƙarƙashin mangwaro, kowa ya faɗa mini sunansa da na mahaifiyarsa da unguwarsu, in na yi kuskure su yi mini ihu. Yau na tsufa, nakan nemi tabarau alhali yana hancina, amma sunayen nan ashirin da biyu ko daga barci aka tashe ni zan jero su. Darasin dai na koye shi a makare, da gajeren wando, a gaban mata biyu: awaki ake ƙirgawa, ɗan mutum kuwa sunansa ake kira a jira ya amsa.