Ranar da Na Kai Ƙarar Zanen Mijina

Tun da na haihu nake fargabar kada Baban Sadiya ya koma wa tsofaffin abokansa na banza. Ina kakkaɓe katifa sai ga takardu, zanen hannunsa: wani ƙato ya rufe fuska yana haura katanga bayan kasuwar Daura. Na ce shirin fashi ne! Na goya yarinya, sai gidan mai unguwa, ina ta bayani kamar lauya.

Ya duba, ya tuntsire da dariya. "'Yata, labarin zane ne irin na littattafan yara. Ɓarawon nan ya tuba tun shafi na uku, yanzu shi ke kama ɓarayi. Ba ki ga yana tashi sama ba?"

Har yau matan unguwa Sufeto suke kirana, har da sara min. Don Allah, in mun haɗu, ku kira ni da sunana.