Ranar da Na Hau Kan Firiza

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so mantawa mutanen layinmu ba za su bar ni ba, da ranar da na hau kan firiza na zauna a tsakar gidana a Narayi, rana tsaka, ina kiran wani dattijo ɓarawo. Kuma tun yanzu in gaya muku, har gobe ban yarda laifin nawa ne ni kaɗai ba.

Ni dai Allah ya yi ni da fargaba. Idan na kulle ƙofa na kai bakin titi, sai na dawo na ja kwaɗon na ji ko ya kama. Idan mai shago ya yi mini ƙarin canji, abinci ba ya shiga bakina sai na mayar masa. (Maigidana yana cewa da damuwa sana'a ce, da tuni mun gina bene.) Karatuna bai wuce firamare ba, amma ba a taɓa cutata a kasuwa ba, ni ma ban taɓa cutar kowa ba, kuma da wannan nake tinƙaho.

Firizar nan babba ce, fara, mai murfi biyu. Da kuɗin adashin zumuntar mata na saye ta, ina yin ƙanƙara da zoɓo da kunun aya. Tun da masaƙa ta rufe a Kakuri maigidana ya koma gadi, ita ce rabin tukunyar gidanmu. To sai ga Rahila, 'yarmu ta fari, ta samu miji, wani yaro mai hankali, Ishaya, kuma mutanensa sun aiko cewa za su zo gaisuwa. Uwar amarya kuwa ba ta tarbar biki da hannu biyu wayam. Na duba gidan sama da ƙasa, babu abin da zai fitar da ni kunya sai firizar. Rahila ta ɗauki hotonta, ta sa a shafin saye da sayarwa na intanet, ta rubuta lambata a ƙasa, da farashi. Na ce ta ɗora wani abu a kai saboda masu neman ragi.

Da Maman Ngozi maƙwabciyata ta ji, sai ta jawo kujera. Mijinta kayan gyaran mota yake sayarwa a Kakuri, kuma a kan idonsa aka tafi da janaretansa. Mutum ya zo da sutura mai kyau, bai yi ciniki ba, ya danna waya, alat na banki ya shigo, ya loda kaya ya tafi. Da aka je banki, ko sisi. Alat ɗin na bogi ne.

"Maman Rahila, ɓarawon yanzu ba ya tsallaka katanga," in ji ta. "Sallama yake yi, har ya tambaye ki lafiyar yara."

Daga ranar duk wayar da ta yi ƙara sai in ce ga ɓarawon nan. Masu kira suka yi ta kira, wannan ya taya rabin kuɗi, wancan ya ce in kai masa Unguwar Boro ya gani tukuna. Waɗannan ban ji tsoronsu ba, don mai taya rabin kuɗi ɗan ƙasa ne nagari. Sai wani ya kira da murya a natse, ya gaishe ni har da tambayar maigida, ya ce ya ga firiza kuma yana so. Na faɗi farashin da muka ɗora wa ƙari, na gyara zama ina jiran faɗa. Sai ya ce, "To, ba damuwa."

Ba damuwa! A ƙasar nan, inda ake neman ragi ko a kan barkonon naira hamsin? Na tambayi sunansa, ya ce in kira shi Baba kawai. Na ce mu haɗu a bakin titi, ya ce a'a, gida zai zo.

Ranar da zai zo, Rahila tana wurin aiki, maigida yana wurin gadi. Tun kafin ya iso Maman Ngozi ta shigo tana haki, ta ce akwai wani dattijo mai tabarau a kwanar layi yana tambayar mutane labarinmu. Ya tambayi mai shago ko maigidan nan yana sha. Ya tambayi mai gyaran takalmi ko ana jin faɗa daga gidan. Ya tambayi wace coci muke zuwa, da ƙarfe nawa yaran gidan suke dawowa. Ku gaya mini don Allah, mai sayen firiza ina ruwansa da lokacin da yara suke dawowa?

Ya yi sallama ya shigo, da doguwar riga ruwan toka mai guga, da hula, da napep ɗinsa a ƙofar gida tana jira. Duk abin da Maman Ngozi ta faɗa, ga shi a tsaye a gabana. Na buɗe masa firizar, ko leƙawa bai yi sosai ba. Idonsa yana kan igiyar shanya, yana kan tukwanen da na kife, yana kan ƙofar kicin. Ya roƙi ruwan sha, na kawo, ya ɗaga kofin ya duba gindinsa kafin ya sha. Ya ga hoton da ke bangon baranda ya tambayi wace ce wannan, na ce 'yata ce. Ya tambayi wane ƙauye muka fito, na faɗi sunan wani ƙauyen da ba namu ba. (Wannan ƙaryar ta dame ni daga baya, amma a lokacin gani nake dabara na yi.)

Sai ya danna wayarsa. Tawa ta yi ƙara, ga alat, kuɗi cif. Ya leƙa waje ya kira mai napep su zo su ɗauka.

Na ce a dakata sai na ga kuɗin a cikin asusu. Na danna lambobin da Rahila ta koya mini, waya ta ce in sake gwadawa. Na sake, ta sake faɗa. Na kira Rahila, ba ta ɗauka ba. Shi kuma ya miƙo mini wayarsa in ga shaidar turawa, kamar ba irin wannan shaidar aka nuna wa mijin Maman Ngozi ba. Mai napep ya riga ya kama gefen firizar. Sai na ga bikin 'yata yana shirin fita ta ƙofar gida a hannun wani ƙato. Ban san lokacin da na tattare zani na haye kan murfin na zauna ba. (Ni da gwiwa take hana ni hawa matakalar coci.)

"Madam, lafiya?" in ji shi.

"Lafiya lau. Firizar nan ba ta fita sai da ni a kanta."

"Ni fa dattijo ne, ina da jikoki."

"Ɓarayi ma suna da jikoki, Malam."

Maman Ngozi ta ja ƙyauren gida ta tsaya a jikinsa. Kafin ka ce me, layi ya cika. Daga kan firiza na yi wa jama'a bayani, kamar mai wa'azi a kasuwa. Na ce ɗan damfara ne, na ce ya gama zagaye unguwa yana auna gidana, na ce a dubi tabaransa, na ce furfura ba ta hana sata. Wani ya ruga ya kira 'yan banga. Shi dai dattijon ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, bai ce uffan ba, kuma shirun nan nasa ya ƙara tunzura ni, don gani nake mai gaskiya da ya yi ihu.

'Yan banga suka ce a je wurin mai POS a duba da katina. Na sauko, na bar Maman Ngozi a kan firizar, na kama aljihun rigarsa don kada ya gudu. Haka muka bi layi, ni da shi da 'yan banga da duk wanda ba shi da aikin yi a Narayi. A bakin kwata ya yi tuntuɓe, ni kuma ban saki ba, aljihun ya yage har ƙasa.

Mai POS ya sa kati, na danna lambar sirri ina kare ta da gyale, takarda ta fito. Kuɗin yana ciki. Na ce a sake dubawa. Yana nan dai.

Jama'a suka watse suna dariya. Ni kuwa, maimakon in durƙusa, sai na ji haushi ya taso mini. Na ce masa ya yi haƙuri, amma shi ma wa ya ce ya ƙi neman ragi? Ya dube ni, ya dubi aljihunsa, ya tafi ya loda firizarsa.

Washegari wani abu ya hana ni sukuni. Robar murfin hagu ba ta kamawa sai an danna da hannu, kuma a cikin rigimar ban gaya masa ba. Na sayar wa mutum kaya da aibi a ɓoye ke nan. Na kira shi, na yi masa bayani, na ce ya kai wa mai gyara zan biya. Ya ce, "To," ya kashe.

Ana nan sai mutanen Ishaya suka aiko cewa sun ɗaga zuwan nasu, ba dalili, ba sabuwar rana. Ishaya kansa bai san me ya faru ba, an dai ce masa manya suna shawara. Rahila ta daina cin abinci. Ni kuma na yi ta faɗa a gida, ina cewa waɗanne irin mutane ne marasa ta ido, su sa yarinya a gaba sannan su yi shiru? Har a zumunta na sa aka yi addu'a Allah ya taɓa zuciyarsu.

Da suka sa rana daga baya, na yi girki kamar na Kirsimeti. Baƙi suka cika falo, na ɗaura zanina mafi tsada, na ɗauko tiren kunu na shiga da murmushi. A kujerar tsakiya, wadda muka ajiye wa babban baƙo, ga tabarau. Ga hula. Ga doguwar riga ruwan toka, an ɗinke aljihun da jan zare, yadda ko makaho zai gani.

Mahaifin Ishaya ya ce, "Wannan yayana ne, Baba Dogara. Shi muka wakilta ya yi mana bincike."

Ai kun san al'ada. Kafin a nemi yarinya, dangin miji sukan tura dattijo a ɓoye ya ga gidan da ta fito, ya ji bakin maƙwabta. Mu ma mun tura namu gidansu Ishaya, ni da kaina na zaɓi wanda zai je. Ashe Ishaya ya tura wa danginsa hoton firizar don ya taya mu neman mai saye, matar Baba Dogara kuma dama tana son firiza, shi kuwa ya ga ƙofar shiga gidanmu ba tare da an gane shi ba. Na ajiye tiren, na nemi hanyar kicin, maigida ya ce in zauna.

Baba Dogara ya ba da labarin tun daga sallama, bai tsallake komai ba. Ya faɗi ƙauyen ƙarya. Ya faɗi maganar jikoki. Ya miƙe ya gwada yadda na haye firiza. Maigidana, wanda na ba shi labarin a gutsure, ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa. Rahila tana bayan labule, ina jin numfashinta. Ya ce ranar ya koma gida ya gaya wa 'yan'uwansa cewa ɗansu ba zai shiga gidan nan ba, shi ya sa aka ɗaga zuwan.

Nan fa haushin ya sake taso mini, kunya ko ba kunya. Na ce, "To Baba, don Allah me ya sa ba ka nemi ragi ba?"

"Maman Rahila, wa ya taɓa yin ciniki da uwar yarinyar da yake nema wa ɗansa?"

Ya ce abin da ya tsaya masa a rai wayar washegari ce. Kuɗi ya riga ya shiga hannuna, ba wanda ya tambaye ni, na kira na tona asirin firizata. Ya daɗe yana juya abin, daga baya ya ce wa 'yan'uwansa gidan da ake haka, abin mutum ba ya shiga da zalunci, nasu ma ba ya fita da wasa, a je a nemo yarinyar.

"Sai dai," in ji shi, "ta ba ni haƙurin roba, har yau ba ta ba ni haƙurin riga ba."

Dattawa suka yanke mini tarar zakara da sabon yadi. Na durƙusa a gaban falo cike da mutane, da gwiwar nan tawa, na ba da haƙurin riga. Sai ya sa hannu a aljihun mai jan zare, ya zaro kuɗin gaisuwa, ya riƙe bai miƙa ba.

"Surukata, a hannu na kawo wannan. Ko a kira 'yan banga su shaida?"

An yi biki lafiya. Zakaran ma ni na soya masa. Amma har yau a layinmu Mama Alat ake kirana, jikokina ma sun ɗauka sunana ne.

Abin da na koya? Ba zan yi muku ƙarya in ce na daina zargi ba. Mijin Maman Ngozi bai ga janaretansa ba har yanzu, kuma gobe ma in na sayar da kaya, ba ya fita sai na ga kuɗi a asusu da idona. Abin da ya canja kaɗan ne. Yanzu nakan ba mai saye kujera da ruwan sanyi mu jira tare, bakina a rufe, hannuna nesa da aljihunsa. In kuwa ya ƙi neman ragi, kafin in kira kowa sai na fara lissafa 'ya'yana mata da suka rage a gida.