Furen Hunturun Alhaji Kailu

"Ku zuba ido! Kafin shekara ta ƙare sai Turawa sun zo nan unguwarmu ta Arras ɗaukar hoton ƙofar ɗakina!"

Mai wannan cika baki shi ne Alhaji Kailu, mai shagon yadi a kasuwar Roxy ta birnin Abijan. Ziyara ɗaya tak ya kai wa ƙanensa a birnin Marseille, can ƙasar Turawa, ya dawo da ƙatuwar rigar sanyi da ƙullin irin fure mai kama da albasa. Tun daga ranar, in ka ce masa sannu sai ya ce maka bonjur da Faransanci.

Ya tara 'yan gidan hayarsu a tsakar gida, wai zai koya musu shukar hunturu a tukunya. Ya kwashe bokitan da matarsa Delu ke jiƙa zoɓon sayarwa, ya danƙara musu ƙasa.

Maƙwabcinsa Mati ya ce, "Alhaji, ba za ka huda gindinsu ruwa ya riƙa fita ba?"

"In huda bokiti lafiyayye? Mati, ka taɓa hawa jirgi?"

Mati ya ja gefe ya bar shi da bokitansa.

To, furen sanyi yake so, Abijan kuwa gumi ake yi. Sai gogan naka ya riƙa kwaso ƙanƙarar Delu kullum yana jibga wa bokitan, sannan ya naɗe su da bargo kada mura ta kama su. Ruwan Oktoba ya sauko, bokitai suka zama fadama. Sauron yankinsu na Treichville kaf ya tare a gidan, wari kuwa har bakin titi.

Ana nan, bokiti ɗaya ya yi kore shar, har ya fitar da fure ruwan ɗorawa. Alhaji ya kusa taka rawa. Ya gayyato abokan kasuwarsa daga unguwar Adjamé, ya sayo lemo, ya zura rigar sanyin nan da tsakar rana yana naso.

"Wannan shi ake kira tulif," in ji shi. "Ba ya fitowa sai a hannun wanda ya ga duniya."

Sai ga Delu da wuƙa da kwano. "Sannunku da zuwa, baƙi." Ta ɗaga ganye ta fara yanka.

"Ke Delu! Me kike yi haka?"

"Miya zan kaɗa, Alhaji. Albasarka ai ta ruɓe tuni. Na zubar, na huda bokitin, na shuka kuɓewata. Amma don Allah kada ka daina yi mata Faransancin nan, ina ga shi ke ƙara mata yauƙi."