Ranar da Mama Saratu Ta Ɗanɗana Ƙasa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai tsofaffinmu garin gishiri ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta. Shekaru sun ja, amma har yau in ina wanke-wanke abin ya faɗo mini a rai, sai in ji na ce “kash” da ƙarfi, maigidana ya leƙo kicin yana tambaya ko na yanke ne.

Lokacin shekararmu biyu a Manchester. Shi yana jami'a yana fama da digirinsa na uku, ni kuma na samu aiki a wata cibiya a Levenshulme, inda ake kawo tsofaffi su yini, a ba su shayi, a taya su hira, da yamma a mai da su gida. Zamanin tsuke bakin aljihun gwamnati ne, kullum sai ka ji an rufe laburare ko wurin wasan yara. Mu ma takarda ta iso cewa za a rufe cibiyarmu a ƙarshen bazara. Nan fa ma'aikata kowa ya shiga nuna ƙwazo ko a ɗauke shi a wani wurin, ni kuwa na fi kowa rawar kai (in aka ce a kawo kujera ɗaya, uku nake kinkimowa).

A cikin tsofaffin akwai Mama Saratu, 'yar wani ƙauye kusa da Keana, can gida. Rainon jikoki ya kawo ta Ingila. Jikoki suka girma, ɗanta Ishaya ya koma Birmingham da iyalinsa saboda aiki, ita kuwa ta ce ƙafarta ba za ta taka ba. Tana da ɗan gidanta a bene na farko, cocinta tafiyar minti biyar, mai sayar da doya a Longsight ya san irin wadda take so. Sai dai mantuwa ta fara taɓa ta, Turancin da ta koya yana zubewa kaɗan-kaɗan, Hausa ce ta rage mata. Ishaya ya daɗe yana son ya kai ta gidan kula da tsofaffi kusa da shi. Likita ya ce a bar ta a gidanta muddin ba ta fara abin da zai cutar da ita ba. Don haka duk abin da muka rubuta a kanta a wurin aiki, kai tsaye yake zuwa hannun likita da hannun Ishaya.

Ni kaɗai nake jin Hausa cikin ma'aikatan cibiyar. Wata rana ina gyara mata ɗankwali ta kama hannuna ta ce, “'Yata, ke ce bakina a wurin nan. In sun tambaye ki, ki ce musu ƙalau nake. Ni dai kada a raba ni da flat ɗina.”

Na ce, “Haba Mama, ina nan wa zai raba ki da shi? Ko GP ɗin ne ya zo, likitan naki, ni zan tare shi.” Da cika baki na faɗa, har da buga ƙirji.

To, manajarmu, wata Baturiya mai kirki wadda gajiya ta gama cinyewa, ta ce kafin a rufe mu sai ta kai tsofaffin nan bakin teku ko sau ɗaya. Ta zaɓi wani ɗan gari da ke arewa da mu, tafiyar kamar awa biyu. Garin ba shi da abin alfahari sai gishiri. Sunan titi gishiri, sunan shagon shayi gishiri, har hoton da ke jikin allon shiga gari na wata mace ce riƙe da manjagarar tara gishiri, alhali an yi ɗaruruwan shekaru rabon da a dafa ko cokali ɗaya a can. Rabin shagunan babban titi an rufe su da katako. Akwai wani ɗan gidan tarihi, kuma an ce wani dattijo zai same mu a bakin ruwa ya yi mana bayani.

Muka isa ruwan teku ya janye, kamar yadda yake yi kullum kafin ya dawo, ya bar wani fili shimfiɗeɗe na laka da yashi iya ganinka. Muka jera tsofaffi a kan benci, muka lulluɓe su da barguna. Ina cikin raba burodi, ina yi ina satar kallon manaja ko ta ga yadda nake aiki, sai na ƙirga kawuna na ga babu ɗaya.

Can na hango ta. Mama Saratu ta sauka daga dakalin bakin ruwan, ta yi nisa cikin filin, ta durƙusa. Ta ciro katinta na shiga bas tana kankare saman ƙasa da shi. Sai na ga ta dangwali ƙasar da yatsa ta kai baki. Ta matsa gaba, ta sake dangwala, ta sake kaiwa baki.

Abin da ya kamata in yi shi ne in taka a hankali in je in tsuguna kusa da ita. Abin da na yi kuwa, na yar da burodi, na kwasa a guje ina ihu da Turanci, yadda har masu yawo da karnuka sai da suka tsaya: “Ku taimaka, tana cin laka! Ta rikice, ba ta san abin da take yi ba!” Rabin hanya santsi ya kwashe ni, na faɗi rub da ciki, takalmi ɗaya ya maƙale a taɓo (har yau yana can, in ba kifi ya gada ba). Na tashi da ƙafa ɗaya a sake, na isa gare ta, na doke hannunta. E, doke shi na yi, hannun matar da ta haifi sa'ar uwata.

Na ce, “Mama, mene ne haka? So kike ki ja mini a wurin aiki?”

Ta dubi hannun, ta dube ni. Na jawo ta zuwa benci, manaja ta kawo ruwa aka ɗauraye mata baki. Doka ce in irin haka ta faru a cika takarda nan take, a kuma sanar da dangi. Na karɓi biro da hannuna mai laka na rubuta cewa an ga Mama Saratu ta bar jama'a, tana cin ƙasa, ba ta cikin hayyacinta. Na sa hannu. Manaja ta koma gefe ta kira Ishaya. Ba zan ɓoye muku ba, a lokacin har wani daɗi na ji, ina ganin na nuna ni ma'aikaciya ce mai sa ido.

Sai ga dattijon gidan tarihi ya iso da sandarsa da wasu hotuna. Ya fara bayani cewa mutanen garin ba ruwan teku suke dafawa kai tsaye ba, don zai cinye itace. Jira suke ruwa ya janye, rana ta busar da fili, sai su kankare saman ƙasar da gishiri ya kama, su tara, su zuba mata ruwa ta tace, sannan su dafa abin da ya tsiyayo. Ya juya zai nuna mana inda ake yi, sai idonsa ya faɗa kan wani abu. A cikin filin ga 'yan tsibi-tsibin ƙasa guda biyar a jere, an kankare kewayensu tas, ga kuma sawun faɗuwata a gefe.

Ya taka ya je, ya duƙa, ya daɗe yana kallo. Ya dawo yana tambaya, “Wa ya yi wannan?”

Tsofaffi dai suka juya suna kallon Mama Saratu, daga nan suka juyo kaina.

Ya zo gabanta ya cire hula. Ya ce shekara da shekaru yana wannan bayani, amma a littafi kawai ya karanta, bai taɓa ganin wanda hannunsa ya iya ba. Ya tambaya yaya aka yi ta san inda za ta kankara, ta bar wancan gefen. Kuma wa zai fassara? Ni. Na tsaya tsakaninsu, laka tun daga goshi har gwiwa, ƙafa ɗaya ba takalmi.

Mama ta ce, “Faɗa masa da harshe ake ganewa. Inda ya yi ɗaci a bar shi, inda ya yi zartsi a kwashe. Faɗa masa uwata da kakata aikinsu ke nan. Tukunya ake hudawa a gindi, a cika ta da ƙasar, a zuba ruwa, a tara wata a ƙasa. Tun ban kai tsawon tukunyar ba nake yi. Da gishirin nan aka sa ni a makaranta.”

Na fassara. Ta yi kusan rabin awa tana magana, matar da a cibiya sai ta yini ba ta haɗa jimla uku ba. Dattijo yana rubutawa, tsofaffi suka tafa mata. Ni kuwa da ƙasar ta tsage da na shige.

A mota na zauna kusa da ita. Sai da muka kusa shiga gari ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, “Na ji abin da kika faɗa musu. Turancin bai gudu duka ba.”

Na ce, “Mama, ki yafe mini.”

Ta ce, “Allah ya yafe mana duka.” Ta juya tana kallon taga.

Washegari na rubuta takarda ta biyu, shafi biyu cur, na bayyana komai. Manaja ta haɗa ta da ta farko. Na kira Ishaya da kaina. Ya saurare ni da haƙuri, sannan ya ce, “Na gode, sister, na san gishirin, ai da labarinsa muka tashi. Amma ta bar group ba wanda ya sani, ko ba haka ba? Da tide ya dawo, ruwa ya rufe filin fa? Ke kika rubuta, ni kuma ba zan iya barci ba.” Ban ga laifinsa ba, tsoro ne irin na ɗa. Kafin wata ya cika an kwashe kayanta, an kai ta gidan kula da tsofaffin.

Na je Birmingham sau ɗaya na duba ta. Ɗaki ne mai tsabta, taga tana kallon wurin ajiye motoci, ba mai jin Hausa ko ɗaya a ginin. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da fara'a, ta tambaye ni mutanen gida. Sai ta ce, “Ke 'yar wa ce?” Na yi kuka a jirgin ƙasa tun daga can har Manchester, wata mata ta yi ta miƙo mini tishu.

Aikin da na yi ta rawar kai dominsa kuwa, na samu. A wasiƙar yabo manaja ta rubuta cewa ina da saurin ɗaukar mataki.

Yanzu ni ke koyar da sababbin ma'aikata, kuma abu na farko da nake gaya musu ba ya cikin littafin horo. In kin ga tsohuwa tana abin da ba ki gane ba, kada ki yi gudu, kada ki yi ihu, kada ki taɓa biro. Ki je ki tsuguna ki ce, “Mama, me kike yi?” Kalma huɗu ce. Ni da nake taƙama da harsuna biyu, ranar ban samo su a ko ɗaya ba.